Majalisar Benci da Majalisar Dutsen Aso

Suna ɗaya Bahaushe ya raɗa wa wurare biyu da ba su yi kama da juna ba a Abuja. Ginin nan mai koriyar ƙubba da ke gindin Dutsen Aso, inda sanatoci 109 da wakilai 360 suke zama, majalisa ake ce masa. Benci biyu ko uku da aka jera a gaban teburin mai shayi a Nyanya ko Karmo ko Dei-Dei, inda direba da maigadi da tela da ɗalibi suke haɗuwa bayan sallar lisha, su ma majalisa ne, kuma ba wanda kunnensa yake jin wani baƙon abu idan an faɗa. Hatta taron ƙasashen duniya da ke birnin New York, Majalisar Ɗinkin Duniya muka kira shi. Daga Larabci muka ari kalmar, tushenta kuwa aikatau ne mai ma'anar zama. Ba ta ambaci girman gini ba, ba ta ambaci albashi ko jiniya ba. Abin da ta sani shi ne mutane sun zauna wuri ɗaya, suna magana, suna sauraron juna.

A ganina harshen ya yi daidai da ya haɗa su, domin ƙaramar ce ta haifi babbar. Kafin a sami ’yan ƙasa da za su zauna a zauren doka su yi gardama kan kasafin kuɗi, sai da aka fara samun waɗanda suka zauna a kan tabarma da dakali suka koyi yi wa mai mulki tambaya. Masu mulki sun riga kowa gane wannan, shi ya sa tarihin gidajen shan gahawa yake cike da umarnin rufewa. A shekarar 1511 wani hakimin Mamaluka a Makka, Kha'ir Beg, ya haramta gahawa da taruwar masu shanta, amma dokar ba ta yi ƙarko ba. A 1633 Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu ya sa aka rufe gidajen gahawa na Istambul. A ƙarshen watan Disamba na 1675 Sarkin Ingila Charles na Biyu ya ba da sanarwar rufe na ƙasarsa, yana kukan cewa a nan ake ƙirƙirar labaran ƙarya ana zubar wa gwamnati mutunci. Jama'a suka yi ca, ya janye sanarwar cikin ’yan kwanaki, tun ba ta fara aiki ba. A Landan ta wancan zamani kwabo ɗaya ne kuɗin shiga. Duk mai kwabo yana iya zama kusa da attajiri, ya karanta jaridar da ke kan tebur, ya kuma tsoma baki. Abin da ya tsorata sarakunan ke nan: wurin zama mai araha wanda ba a tambayar asalin mutum a bakin ƙofa.

Inda abin ya fi kusa da mu shi ne Masar. A can gidan da abin shan duk suna ɗaya suke amsawa, ahwa, wato gahawa a bakin mutanen Alƙahira. A shekarun 1870 Jamaluddin al-Afghani yakan zauna a gahawar Matatiya, kusa da dandalin Ataba, matasa na kewaye da shi har dare ya raba. Cikin masu zuwa akwai Muhammad Abduh, akwai kuma Sa'ad Zaglul. An kori Afghani daga ƙasar a 1879, amma abin da ya shuka ya riga ya kama ƙasa. Shekara arba'in bayan haka, a watan Maris na 1919, Turawan Ingila suka kama Zaglul suka kai shi tsibirin Malta, Masar duka ta tashi, ɗalibai da lauyoyi da ma'aikatan jirgin ƙasa da manoma da mata. Gidajen gahawa su ne tashoshin labari a wannan bore. A Kafe Rish, wanda har yau yana nan a tsakiyar birnin, ana nuna wani tsohon injin buga takardu a ɗakin ƙasa, wanda ake dangantawa da takardun da aka riƙa rabawa a ɓoye a lokacin. A watan Fabrairu na 1922 Ingila ta amince wa Masar da ’yancin kai, ko da yake da sharuɗɗa masu nauyi. A Aljeriya ma haka: ƙungiyar farko da ta fito fili ta nemi cikakken ’yanci, wadda Messali Hadj ya jagoranta, a birnin Paris aka kafa ta a 1926, kuma a ƙananan gidajen gahawa na leburorin Aljeriya ta riƙa samun mabiya.

Mu kam gahawa ba ta zama abin shanmu na yau da kullum ba. Alhazai da waɗanda suka zauna Sudan sun san ta, amma abin da ya riƙe wa Bahaushe ido a buɗe tun zamanin da fatake suke bin hanyar Gwanja shi ne goro. Goro kuwa ba ya bukatar gida ko murhu. A aljihu yake, a ɓara a miƙa wa na kusa. Saboda haka wuraren hirarmu ba shaguna ba ne da aka buɗe don hira. Zaure ne, da dakalin ƙofar gida, da gindin ceɗiya ko durumi, da rumfar kasuwa, da shagon tela, da inuwar wanzami, da tashar mota. Shayi ya iske mu ta hanya biyu. Ɗaya ta Sahara, a hannun Buzaye da Larabawa: ɗanyen ganye a ’yar ƙaramar buta bisa gawayi, a dafa sau uku, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Ɗaya kuma ta kantin Bature, da sukari da madarar gwangwani da burodi, ya bi layin dogo da bariki da tasha. Wannan na biyun shi ya haifa mana mai shayi, da teburinsa da tukunyarsa da gwangwanayen da ya jera, da haɗin kauri ga mai hali, da ruwan bunu ga wanda aljihunsa ya yi sanyi.

Sai mutum ya tuna yadda ake zama a fada sannan zai gane abin da benci ya kawo. A fada zaman kansa magana ne. Sarki yana bisa karaga, hakimai da fadawa kowa da gurbinsa gwargwadon muƙami, talaka kuwa tun daga nesa zai tuɓe takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa, dogarai su amsa masa a madadin sarki. Kukansa ma sau da yawa ta bakin wani yake isa. Wannan tsari yana da kyansa da natsuwarsa, ban raina shi ba, amma ba a gina shi don a ce wa na sama “me ya sa” ba. A benci kuwa kowa tsayinsa ɗaya da na kusa da shi. Malamin makaranta da ɗan dako kafaɗa da kafaɗa suke, sharaɗin zama kuɗin kofi ɗaya ne, wanda ba shi da su ma sai ka ji wani ya ce, “Mai shayi, haɗa wa Malam, a kaina.” Wanda ya saba faɗin ra'ayinsa a irin wannan zama, aka ƙaryata shi, ya kawo hujja, aka yi dariya aka watse lafiya, ya riga ya sami rabin tarbiyyar siyasa.

Ba zan ce a teburin shayi aka kafa jam'iyyun Arewa ba. Amma duba sunayen da siyasar zamani ta shigo da su ƙasar nan. A farkon shekarun 1940, a Bauchi, aka buɗe wani zama da ake kira Majalisar Taɗi, da yardar jami'an mulkin mallaka, waɗanda suka ɗauka gara ’yan boko su fitar da abin da ke cikinsu a gaban idon hukuma. Sa'adu Zungur yana ciki, da Aminu Kano, wanda a lokacin yake koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi, da Abubakar Tafawa Balewa. Taɗi dai kalma ce mai taushi, ta hirar dare da zance tsakanin saurayi da budurwa. Sai ga shi a wannan taɗi ana tattauna mulkin Turawa ta hannun sarakuna, har aka kai ga tambayar da me ake auna albashin sarki. Hukuma ta ga abin ya wuce inda ta nufa, zaman ya mutu, su Sa'adu suka kafa wata ƙungiya ta kansu don ci gaban Bauchi. A Kano akwai Taron Masu Zumunta. A Sakkwato akwai ƙungiyar matasa ta su Shehu Shagari. A Zariya da Kaduna ƙungiyoyi irin waɗannan ne suka haɗu suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949 ƙarƙashin Dakta Dikko a matsayin ƙungiyar al'adu, ba ta zama jam'iyyar siyasa sosai ba sai 1951. Taɗi, zumunta, al'ada: da waɗannan sunaye aka fara, domin mafi yawan masu zuwa ma'aikatan gwamnati ne ko na En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, kuma kalmar siyasa tana iya raba mutum da aikinsa.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa daga Zariya a watan Janairu na 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ita ma majalisa ce ta ba ta ƙafa. Masu iya karatun boko kaɗan ne, don haka mutum ɗaya yake karantawa da ƙarfi, sauran su kasa kunne, a tsaya a yi sharhi, a ce ya maimaita wancan layin. Da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, akwatin rediyo ya sami gurbi a tsakiyar zaman, har yau kuma yana nan a gefen tukunyar mai shayi, ko da waya ta zo tana neman ture shi.

Ranar 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka zauna a Kano suka kafa NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Maitama Sule da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta. Aminu Kano yana koyarwa a Maru a lokacin. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aiki ya dawo, daga baya ya zama shugabanta. Jam'iyyar ba ta da sarakuna ba ta da baitulmali. Teloli ne da mahauta da ’yan koli da ƙananan ’yan kasuwa da malaman zaure da direbobi suka ɗauke ta. Yin lacca a fili sai da izinin En'e, izinin kuwa yakan yi wuyar samu, kuma kalma ɗaya da aka fassara da cin mutuncin sarki tana iya kai mutum gaban alƙali, daga nan sai bulala ko gidan yari. To ina maganar za ta koma? Ta koma inda ba a neman izini: shagon tela, rumfar kasuwa, wurin suna da ɗaurin aure, da teburin da ake shan shayi a tasha kafin mota ta cika. Direba ya ɗauko labari daga Kano ya sauke a Gusau ko Nguru tare da kayansa. Ɗan doka yana iya tarwatsa lacca, amma ba shi da yadda zai yi da mutum shida da suka ce hira kawai suke yi.

Kalmar sawaba, wato sauƙi bayan wahala, ba ta tsaya a iyaka ba. A Nijar ta zama sunan jam'iyyar Djibo Bakary, wadda ita ma ƙananan ma'aikata da direbobi da masu sana'ar hannu suka riƙe, wadda kuma ta nemi a ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Ta sha kaye, aka haramta ta a 1959, Nijar ta sami ’yanci ranar 3 ga Agusta 1960 ba tare da ita ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a can shi ne abin da ya biyo baya da nisa. Tun shekarun 1990, bayan Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe bakin jama'a, samarin Damagaram da Maraɗi da Yamai suka riƙa kafa zaman shayi a bakin titi, kowanne da sunansa a rubuce a bango, da shugabansa, da mai dafa shayinsa. Sunan da suka ba wannan zama shi ne fada. Samarin da ba su da aiki ba su da sarauta sun ɗauki sunan wurin da kakanninsu suke shiga a durƙushe, sun sa wa tabarmarsu.

Majalisa tana da nata aibi, kuma wanda yake ƙaunarta shi ya fi cancanta ya faɗa. Na farko, ta maza ce. Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka saboda NEPU tun tana yarinya a Zariya, amma matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 da ya kai mu ga ’yancin 1 ga Oktoba 1960 ba. Sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970 aka ba su wannan haƙƙi. Zaman da ya koya wa talaka ɗaga kai bai matsa wa matarsa ta zauna ba. Na biyu, inda labari yake gudu, nan ƙarya take gudu. Ba banza aka ce wa wani rediyo mai jini ba. Jita-jitar da ta hana yara allurar rigakafi, da wadda ta tayar da unguwa a kan baƙo, sau da yawa a irin wannan zama suke samun fiffike. Akwai kuma gulmar masu wucewa, wadda ta sa mata da yawa suke sauya hanya don kada su bi ta gaban benci. Shi ya sa iyaye suke kiran abin zaman kashe wando, kuma wani lokaci da gaskiyarsu. Sai dai saurayin da ya gama makaranta shekara biyar ba aiki, ba benci ne ya hana shi aiki ba. Bencin ne ma wurin da zai ji an ce ana neman lebura a wani gini a Guzape, ko a haɗa masa kuɗin mota ranar da mahaifiyarsa ta kwanta asibiti.

Abuja birni ne da aka zana a takarda kafin a kafa tubali. Doka ta 6 ta ranar 3 ga Fabrairu 1976, a zamanin Janar Murtala Muhammed, ita ta yanke wannan yanki a ƙasar Gbagyi da maƙwabtansu. Tsohon garin Abuja ya ba da sunansa ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnati kuma ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991. Masu zanen sun tanadi wurin babbar majalisa, da fadar shugaban ƙasa, da kotun ƙoli, da tituna masu faɗin gaske. Ƙaramar majalisa ce ba ta sami gurbi ba. Gidajen Maitama da Asokoro katanga ce da ƙofar ƙarfe, babu zaure babu dakali. Dokar tsabtace birni ta hana kasa kaya a bakin titi a tsakiyar gari, don haka mai shayi yana aiki ne da ido ɗaya a kan tukunya, ɗaya a kan hanya, ko motar masu kwashe kaya za ta ɓullo. Waɗanda suke share ofisoshi da gadinsu da tuƙa masu su, yawancinsu a Kubwa da Nyanya da Mararaba da Zuba suke kwana, su fito da asuba su koma bayan magariba a gajiye. Majalisarsu tana can bayan gari, nesa da kunnen waɗanda suke yanke hukunci a kan rayuwarsu.

Gidajen gahawa na zamani kam akwai su, musamman a Wuse II, wasunsu a kan titin da aka sa wa sunan Malam Aminu Kano. Wurare ne masu tsabta da sanyi, matasa suna aiki da kwamfuta, ana ƙulla kasuwanci, mata suna zama ba mai tsangwamarsu, kuma wannan ci gaba ne da bencinmu bai kai gare shi ba. Amma kuɗin kofi ɗaya a can ya ishi lebura karin kumallon kwanaki, kuma kowane tebur da mutanensa. Baƙo ba ya jawo kujera ya shiga gardamar da ba a gayyace shi ba. Talakan da Malam ya ƙare rayuwarsa yana yi wa magana, iyakarsa bakin ƙofa, yana gadin motoci. Zaurukan WhatsApp da Facebook, waɗanda su ma wasu suke kira majalisa, sun cike wani giɓi, sai dai a can mutum yana iya zagin wanda bai taɓa gani ba ya kashe waya ya kwanta. A benci, wanda ka ƙaryata yau shi za ka tarar gobe, wataƙila ma shi zai biya maka shayi, wannan kuwa yana sa harshe ya san iyakarsa.

Duk da haka Abuja ta taɓa nuna cewa zama bai rasa ƙarfinsa ba. Bayan sace ’yan mata 276 daga makarantar Chibok a daren 14 ga Afrilu 2014, wasu ’yan ƙasa, mata a gaba, irin su Oby Ezekwesili da Hadiza Bala Usman da Aisha Yesufu, suka fara taruwa a dandalin Unity Fountain daga ƙarshen wannan wata. Zaman dirshan suka yi, kullum da yamma, a kan tabarmi da kujerun roba, Musulmi da Kirista, kowa a ba shi dama ya yi magana. A watan Yuni na shekarar kwamishinan ’yan sandan birnin ya sanar da hana taron, hanin bai tsaya ba, zaman ya ci gaba shekara da shekaru. Ba su da makami ba su da kujera a gindin Dutsen Aso, amma sun hana a manta da yaran, har duniya duka ta san sunan Chibok. Majalisa ce cikakkiya, kuma ta gyara babban aibin tsohuwar, tunda mata ne suka ja ta.

Kirana ga Hukumar Babban Birnin Tarayya da ƙananan hukumominta shida, wato Birni da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, shi ne su daina kallon mai shayi a matsayin datti da za a share. A ware masa ’yan wurare a kowace unguwa, har da tsakiyar gari, kusa da tasha da masallaci da coci da sakatariya. A ba shi lasisi mai sauƙin kuɗi, da famfo, da fitila, da kwandon shara, a kuma ɗora masa sharaɗin tsabta. A dasa itatuwan inuwa a sa benci a ƙarƙashinsu. Sanatoci da wakilai kuma, waɗanda suka gaji sunan majalisa, su riƙa sauka daga mota suna zama a Karmo da Nyanya ba sai lokacin zaɓe ba. Ku kuma ’yan benci, ’yan'uwana, ku tantance labari kafin ku ɗora shi a kan wani, ku kame baki daga mata masu wucewa, in kuma ɗayarsu ta tsaya tana da abin faɗa, ku matsa mata ta zauna.